Danna, Ka Saki

Duk ranar Alhamis da ƙarfe ɗaya na rana Douwe Zijlstra yakan jingine kekensa a bangon gidan taron garin Aldesyl, ya ciro mabuɗi daga aljihun ƙirji, ya hau bene zuwa ɗakin tarihi. Ɗakin ba shi da girma. Teburi biyu ne, da kabad uku cike da akwatunan tsofaffin hotuna, sai kwamfuta guda, irin mai akwati a ƙasa da allo a sama, wadda makarantar firamare ta bar wa ƙungiyar tarihi lokacin da ta sami sababbi. Sauran 'yan ƙungiya su ne ke kwafe hotuna suna zubawa cikin kwamfutar. Shi Douwe aikinsa ya dubi fuskoki ya rubuta sunaye. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaga gadar garin don jiragen ruwa su wuce yana saukewa, kowa ya wuce ta gabansa, a ƙafa ko a keke ko cikin jirgi, saboda haka babu wanda ya kai shi sanin wane ne wane, ɗan wa, daga wace gona.

Matarsa Froukje ita ma tana son Alhamis, don ranar ce ƙawayenta ke zuwa wasan kati, kuma ta sha faɗa cewa gidan ya fi faɗi idan ba ya ciki.

Wahalar tana farawa ne da ƙarfe huɗu. Ƙa'idar gidan taro ita ce wanda ya fita ƙarshe ya kashe komai: hita mai ɗumama ɗaki, fitilu, tukunyar gahawa, kwamfuta. Ruurd, shugaban ƙungiya, wanda ya yi hedimasta kafin ya yi ritaya, ya rubuta yadda ake kashe kwamfutar a matakai bakwai, ya lulluɓe takardar da leda mai tauri, ya manna ta a bango daidai saitin ido. A ajiye aiki. A rufe duk abin da aka buɗe. A kai kibiya kusurwar hagu ta ƙasa, a danna. A nemo wata ƙaramar alama, a danna. A zaɓi layin kashewa daga cikin layuka uku masu kama da juna. A jira. A kashe allo.

Tun hunturun bara hannun Douwe na dama ya fara rawa. Likita ya faɗa masa sunan abin, ya ba shi ƙwayoyi. Rubutu bai gagare shi ba, yana yi da yatsa ɗaya na hagu, harafi bayan harafi, don babu mai jiransa. Ajiye aiki ma akwai yadda ake yi da yatsu biyu. Amma linzamin da ake tura kibiya da shi ya ƙi shi. Da zarar ya ɗora hannu, kibiyar sai ta riƙa tsalle a kan allo kamar ƙuda a jikin taga. Sau biyu ya nufi layin kashewa ya faɗa kan na ƙasa da shi, kwamfutar ta mutu ta sake tashi tana kallonsa. Ya gwada da hagu, hagu ta kai kibiyar can wani wuri. Wata rana ya yi minti ashirin yana fama, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, sai idonsa ya faɗa kan jan maɓallin soket da ke ƙarƙashin teburi. Ya taɓa shi da bakin takalmi. Allo ya yi baƙi, ƙugi ya tsaya. Daga ranar haka ya riƙa yi, har wata uku, bai gaya wa kowa ba.

Wata ranar Litinin da ƙarfe goma, lokacin shan gahawa, aka buga ƙararrawar ƙofar gaba ta gidan Douwe. A Aldesyl mutumin gari ta ƙofar baya yake shigowa, ya cire takalmi ya yi kira. Froukje ta ajiye tukunya ta ce, "Wa ya mutu?"

Ruurd ne, da jaka a hammata. Ya zauna, ya karɓi gahawa da biskit ɗaya, bai yi wani kewaye ba.

"Douwe, ta soket kake kashe kwamfutar."

"Ina kashe ta dai. Ba haka ƙa'ida ta ce ba?"

"Jerin sunayen ya lalace. Ranar Juma'a na buɗe shi, ya ƙi buɗuwa. Na dawo da wanda muka ajiye a gefe, amma aikin mako biyu ya tafi. Hotunan bikin tsere a kan ƙanƙara gaba ɗaya, babu suna ko ɗaya."

"Sunayen suna nan," in ji Douwe, ya nuna goshinsa da hannun hagu. Na dama yana ƙarƙashin teburi, ya danne shi da cinya.

"Akwatin kan naka ba mu da kwafinsa. Ka karanta takardar da ke bango?"

"Na haddace ta, shugaba. Kana so in karanto maka a tsaye, kamar 'yan aji uku?"

Ruurd bai yi dariya ba. Ya ce ranar Talata ta mako mai zuwa kwamiti zai zauna, kuma zai kawo shawara cewa Douwe ya riƙa zuwa ranar Juma'a tare da shi, ya mayar da mabuɗin. Ba don wani abu ba, in ji shi, don kayan gari ne. Ya ce ya ga ya fi kyau ya faɗa masa ido da ido kafin a sa a takardar zama. Ya shanye gahawarsa, ya yi wa Froukje godiya, ya fita ta inda ya shigo.

Froukje ta kwashe kofuna. "Ka faɗa masa mana."

"Ba abin da zan faɗa."

"Hannu ne fa, ba sata ka yi ba."

"Idan na faɗa, gobe Ruurd zai rubuta takarda a kan hannuna ya manna a bango."

Ta bar shi. Ya zauna yana juya mabuɗin a tafin hannu. Ba ɗakin ne ya dame shi ba, ko ranar Juma'a zai ga hotunan. Tun yana ɗan shekara ashirin da huɗu bai taɓa zama ba shi da mabuɗin wani wuri na gari a aljihu ba, na ɗakin gada da farko, yanzu wannan. Ranar Juma'a kuwa sai ya tsaya a ƙofa ya jira wani ya buɗe masa, ya zauna wani na lura da shi.

Da ya hau bene ranar Alhamis ya tarar an canza takardar bango. Matakai sun zama takwas. Na takwas an rubuta shi da manyan haruffa: kada a taɓa soket. Jan maɓallin kuwa an naɗe shi da baƙin salatif, zagaye uku.

Wajen ƙarfe uku ya ji takun mutum a matakala. Baukje ce, maƙwabciyarsu ta bayan shinge, sakatariyar ƙungiya, wadda ta yi shekaru a ofishin makarantar Ruurd tana buga masa wasiƙu. Ta shigo da burodi mai sukari a leda.

"Maƙwabci, an ce za a kore ka daga aiki."

"Labari ya riga ni gida ke nan, maƙwabciya."

"Ni na buga takardar zaman. Kai ne abu na huɗu, bayan gyaran rufi."

Ta zuba gahawa. Nata kofi ta cika, nasa ta tsaya a rabi, ta tura masa. Ya dubi kofin ya dube ta. Ita kuwa tana yanka burodi. Ya gane ta daɗe da sanin rawar hannunsa, wataƙila ta bakin Froukje ta kan shinge, wataƙila da idonta. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta zauna ta saurare shi yana ba ta labarin wani hoto na mutum bakwai a kan ƙanƙara, wanene ya auri ƙanwar wane, wanene ya tafi Kanada bai sake rubuto wasiƙa ba. Sai da ya gama ta ce, "A cikin takwas ɗin nan wanne ne ke ba ka haushi?"

Ya ce, "Na uku zuwa na biyar. Abin da suka zana ƙanana ne. Kamar don yatsun 'yar tsana aka yi su."

"Matsa in gani."

Ta ja kujera ta sa tabarau. Ta shiga wani wuri a cikin kwamfutar da bai taɓa gani ba, ta fita, ta yi tsaki, ta sake shiga wani. Ta ce a laburaren garin Snits aka koya musu wannan, su goma sha biyu, duk masu furfura, kuma ita kaɗai ta rubuta a littafi. Bayan kamar minti goma ta cire tabarau.

"Shi ke nan. Ka ga babban maɓallin da kake kunna ta da shi, a gaban akwatin? Da, in an taɓa shi barci kawai take yi. Yanzu na gaya mata in an danna shi ta tattara kayanta ta kashe kanta yadda ya kamata. Ka ajiye aikinka, ka danna, ka tafi gida. Faɗinsa ya kai murfin kwalba, ko da safar hannu ba za ka kuskure shi ba."

"Ruurd ya sani?"

"Ruurd ya san matakai takwas. Ranar Talata zan gaya masa akwai ɗaya."

Ta duba agogo, ta ce tana da iyo ƙarfe huɗu saura kwata, ta bar masa sauran burodin.

Da huɗu ta yi Douwe ya ajiye aikinsa, ya sunkuya, ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin ya danna. Ya riƙe shi da ƙarfi, kuma ya lura cewa idan ya danne abu haka rawar hannun tana lafawa. Allo ya fara rubuta wani abu, kafin ya gama sai komai ya ɗauke ɗif. Sannan ya ɗaga yatsa. Ya kashe hita da fitilu, ya kulle ƙofa, ya sauka yana fito a hankali. Da ya isa gida ya ce wa Froukje maƙwabciyarsu ta fi hedimasta kai.

Ranar Juma'a da yamma Ruurd ya bugo waya.

"Ka sake."

"Na sake me?"

"Da na kunna ta yau ta ce ba a kashe ta daidai ba, ta yi kwatan awa tana binciken kanta. An yi sa'a ba abin da ya ɓace."

"Ka duba salatif ɗinka. Ko ƙura ban ɗauke masa ba."

"Na duba. To filogi ka zare daga bango."

"Ruurd, shekara nawa ka san ni? Na ce maka maɓallin gaba na danna, yadda Baukje ta nuna mini."

"Wane maɓalli kuma? Wa ya ce a taɓa... To. Sai Talata."

Douwe ya ajiye wayar. Na farko ya yi laifi, ya sani. Wannan karon abin da aka ce masa ya yi, kuma an mayar da shi maƙaryaci. Ya yi tunanin ya sa mabuɗin a ambulan ya jefa ta ramin wasiƙun gidan Ruurd a huta. Har ya ɗauko ambulan. Froukje ta ce in ya yi haka ya nemi inda zai riƙa zama ranar Alhamis, don a falonta dai babu kujerarsa.

Kwamiti ya zauna ranar Talata da ƙarfe uku a ɗakin ƙasa, mutum biyar, sai Douwe a ƙarshen teburi da hularsa a gwiwa. Rufi ya ci minti arba'in. Da aka zo abu na huɗu Ruurd ya karanta shawararsa daga takarda, ba tare da ya ɗaga kai ba. Baukje ta ajiye biro.

"Shugaba, kafin a ɗaga hannu. Ni na gyara maɓallin nan, kuma na gwada irinsa a gida ya yi. Ko dai ban iya ba, ko akwai abin da ban gani ba. Mu hau sama ya yi a gabanmu."

"Ba ya cikin takardar zama."

"Ni ce mai takardar. Na sa shi yanzu."

Suka hau, su shida, suka cika ɗakin. Aka kunna kwamfutar aka jira ta gama tashi. Douwe ya so ya yi da hagu, amma akwatin yana dama da kujera, kuma da dama ya yi ranar Alhamis. Ya fito da hannun daga aljihu. Tsakanin aljihu da maɓalli bai fi kamu biyu ba, hannun ya yi tafiyar yana kaɗawa a gaban kowa. Yatsan ya sami maɓallin ya danne.

Ɗaya, biyu, uku.

"Saki mana!" in ji Baukje. "Maƙwabci, saki!"

Bai saki ba. Allo ya ɗauke, ƙugi ya tsaya, sannan ya miƙe.

"Ga shi," ya ce. "Haka na yi."

"Me ya sa ka riƙe shi?" in ji Ruurd.

Douwe ya dube shi kamar ya tambayi me ya sa ruwa ke gangara. "A saki maɓalli aiki bai ƙare ba? Gada tana tafiya ne muddin yatsanka na kai. Ka ɗaga yatsa, ta tsaya cak a sama, jirgi na ƙarƙashi, motoci na jira. Ranar farko da na fara aiki tsohon da ya koya mini ya ce in ya ga na saki kafin ta zauna a mazauninta, a ruwa zan kwana. Shekara talatin da ɗaya ban saki ba."

Wata daga cikin 'yan kwamiti ta fara dariya, ta rufe baki. Baukje ta dafe goshi.

"Laifina ne. Na ce ka danna, ban ce ka saki ba. Wannan ba gada ba ce, ƙararrawar ƙofa ce. Ka taɓa, ta ji, ita za ta yi sauran, tana bukatar kamar rabin minti. In ka riƙe ta ya wuce ɗan lokaci sai ta ɗauka gobara ake yi, ta yanke wuta nan take. Daidai yake da ka taka soket."

Ruurd ba maɓallin yake kallo ba. Hannun Douwe yake kallo, wanda ke rawa a gefen wando, don ya manta bai mayar da shi aljihu ba.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun hunturun bara. Kibiyar nan ba ta tsaya mini."

"Shi ya sa soket."

"Shi ya sa."

"Ai da ka faɗa."

"Ba ka tambaya ba, shugaba. Takarda ka ƙara wa layi."

Ruurd ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. "Haka ne," ya ce. Sai kuma ya ce, "Amma sai na ga ya yi. Sau uku a jere. Kayan gari ne."

Aka sake kunna ta. Ta yi ƙorafinta na cewa ba a kashe ta daidai ba, suka tsaya suna jira, wani ya sauka ya hau da tukunyar gahawa. Da ta natsu Douwe ya sunkuya ya danna. Sakin ne ya yi masa wuya. Yatsan ya manne, duk jikinsa yana ce masa aiki bai ƙare ba. Ya fizge hannun kamar ya taɓa murhu, ya cusa shi a aljihu. Allo ya canza launi, ya rubuta cewa tana kashewa, wani ɗan zobe yana juyawa. Douwe ya tsaya yana kallon ƙaramar koriyar fitilar da ke jikin akwatin, haƙoransa a cije. Fitilar ta mutu.

"Ɗaya," in ji Ruurd.

Na biyu ya fi sauƙi. A na uku Baukje ta ce "ƙararrawa" a hankali daidai lokacin da yatsan ya sauka, ya ce mata ya ji tun ɗazu, ba kurma ba ne. Duk sau ukun kwamfutar ta tashi lafiya ba ta ce komai ba.

Ba su koma ƙasa ba. A nan tsaye Ruurd ya ce ya janye abu na huɗu, Baukje ta rubuta a bayan takardar zama ta jingina da kabad. Ruurd ya ciro takardar bango, ya juya ta, ya ce zai buga sabuwa gobe.

"Layi ɗaya," in ji Baukje.

"Biyu. A danna, a saki. Mun ga abin da ya faru da aka bar na biyun. Sannan ajiye aiki, uku ke nan. Allo kuma..."

"Allon yana barci da kansa. Ruurd, in ka kai huɗu zan ajiye aikin sakatariya."

Ranar Alhamis Douwe ya tarar da sabuwar takarda a bango, cikin ledarta mai tauri, layi uku da manyan haruffa. Salatif ɗin soket yana nan, ba wanda ya cire. Ya buɗe hotunan bikin ƙanƙara ya fara mayar da sunayen da suka ɓace, da yatsa ɗaya. Ya yi goma sha tara kafin huɗu. Ya ajiye, ya sunkuya ya danna, ya saki. Baukje ta riga ta gaya masa yana iya tafiya daga nan, ba sai ya jira ba. Ya sa hularsa, ya tsaya da mabuɗi a hannu har koriyar fitilar ta mutu, sannan ya kashe hita ya ja ƙofa.